Daga Mariga Zuwa Kwara: Ƙasashe Tara da Baƙin Kogi Ɗaya

Ruwan saman da ya sauka a gonakin Randagi da Kakangi, a yammacin ƙasar Birnin Gwari, ba ya daɗewa a jihar Kaduna. Rafuka su kwashe shi su zuba a Mariga, Mariga ta gangara kudu ta miƙa wa kogin Kaduna a cikin jihar Neja, shi kuma ya ratsa ƙasar Nufawa har ya faɗa Kwara a Muregi, daura da Fategi. Manomin bakin Mariga, ko ya sani ko bai sani ba, ruwa ɗaya ya haɗa shi da masuncin Mopti da mai kwalekwalen Yamai da mai noman shinkafa na Farana a ƙasar Gini.

Ƙasashe tara ne ke da rabo a wannan ruwa, kuma yau fiye da shekara sittin suna zama suna tashi a kan yadda za su ci moriyarsa tare. Madatsu da wutar lantarki da noman rani su suka cinye yawancin zaman. Amma akwai wani buri da ya daɗe yana biye da su a baya, wato a mayar da kogin hanyar masu yawon buɗe ido, baƙo ya shigo ta Mali ya fita ta Nijeriya, yana kallo yana barin kuɗi a hannun masu jirgi da masu masauki. An taɓa kusantar wannan buri a wasu wurare. Yadda aka kusance shi da yadda ya suɓuce, labari ne mai tsawo.

Zamanin madugu da mai jirgi

Tsawon Kwara ya kusa kilomita 4,200, shi ne na uku a Afirka bayan Nilu da Kwango. Yana ɓuɓɓugowa daga tsaunukan Gini, wurin da bai fi kilomita 240 zuwa teku ba, amma sai ya ba tekun baya ya nufi hamada. Ya wuce Bamako da Segu da Mopti, ya yi kwana kusa da Tambutu, ya sauko ta Gawo da Yamai da Gaya, ya shigo Nijeriya ta jihar Kebbi, sannan ya haɗu da Binuwai a Lakwaja.

Baƙo ba sabon abu ba ne a bakinsa. A shekarar 1353 Ibn Batuta ya shiga kwalekwale a Tambutu ya gangara Gawo, yana tsammanin Nilu yake bi. Ƙarnuka bayansa, fataken goro na Kano da Katsina masu zuwa Gwanja sun riƙa ƙetare kogin a wajajen Yawuri da Busa, kuma ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta tsohuwar Birnin Gwari ta bi. Tafiyar tana da tsari. Madugu ke riƙe da ayari, jagaba na gaba yana duba hanya, kowane babban gari da zangonsa da masu saukar baƙi. In an iso bakin ruwa sai a sauke kaya, a yi ciniki da masu jirgi, a biya kuɗin fito, a loda mutane da kaya, dabbobi kuwa a ja su ta gefen jirgi suna iyo. Sarakunan bakin kogi suna karɓar rabonsu, su kuma su tsare hanya, don sun san idan aka yi wa ayari fashi a ƙasarsu, baɗi madugu zai sauya mashigi.

Turawan da suka zo neman inda kogin ya ƙare, wannan tsarin suka tarar suka bi. Mungo Park ya fara ganin ruwan a Segu cikin Yuli 1796, ya dawo karo na biyu ya gangaro da jirgi, ya halaka a duwatsun Busa a 1806. A watan Maris 1824 Hugh Clapperton ya iso Sakkwato ya roƙi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello izinin zuwa Yawuri don ya ga kogin da idonsa. Bello ya karɓe shi da mutunci, amma ya ce hanya ba lafiya. Abin da baƙon ya samu shi ne taswirar kogin da aka zana masa a fada, wadda aka buga a Landan a 1826. A ƙarshen 1825 ya sake shigowa ta Badagiri, ya ƙetare Kwara kusa da Busa, ya bi ta Birnin Gwari zuwa Zariya da Kano, ya rasu a Sakkwato a Afrilu 1827. Yaronsa Richard Lander da ƙanensa John su suka ƙarasa aikin a 1830, suka bi ruwan daga Busa har teku.

Yarjejeniyar farko da ta haɗa ƙasashe a kan Kwara, babu ɗan bakin kogin ko ɗaya a wurin ƙulla ta. A taron Balin, ranar 26 ga Fabrairu 1885, Turawa suka rubuta cewa jiragen kowace ƙasa na da 'yancin bin kogin. A takarda ke nan. A ruwa kuwa kamfanin George Goldie ya tsare ƙasan kogin da haraji da ƙa'idoji, Faransa ta riƙe samansa. Da suka sasanta a 1898, Ingila ta yarda ta ba Faransa hayar filaye biyu na sauke kaya, ɗaya a Bajibo ɗaya a Forkados. Layin da suka ja ya raba ƙasar Borgu da ta Dendi, ya bar dangi a ɓangarori biyu. Tun daga lokacin kogin ya zama mai harshen ofis biyu da kuɗi iri biyu, kuma har yau wannan rabon ne ke tare baƙo a hanya.

Daga Yamai zuwa Farana

Bayan samun 'yancin kai, ranar 26 ga Oktoba 1963, wakilan Gini da Mali da Nijar da Nijeriya da Dahome (Binin ta yau) da Volta ta Sama (Burkina Faso ta yau) da Kwaddibuwa da Kamaru da Cadi suka sa hannu a Yamai a kan dokar zirga-zirga da haɗin kan tattalin arziki, suka soke ta Balin. A Nuwamba 1964 aka kafa kwamitin kogin. Ranar 21 ga Nuwamba 1980, a Farana, mahaifar Ahmed Sekou Toure, aka ɗaga shi ya zama cikakkiyar hukumar kula da kogin, mai hedkwata a Yamai.

Abubuwan da aka lissafa wa hukumar su ne makamashi da ruwa da noma da kiwo da su da gandun daji da sufuri da sadarwa da masana'antu. Baƙo mai kyamara bai samu kujerar gaba ba, kuma da dalili. Fari ya ci Sahel a shekarun 1970 da 1980, har a watan Yuni 1985 kogin ya daina gudu a Yamai. Mai neman ruwan sha ba ya zancen shaƙatawa. Hukumar kanta ta yi shekaru tana fama da rashin biyan kuɗin ƙasashe, sai a farkon wannan ƙarni ta farfaɗo. Shugabanni suka yi sanarwar Faris a 2004, suka sa hannu a kan kundin rabon ruwa a Yamai a Afrilu 2008, tare da shirin zuba jari da zai kai 2027. Ƙashin bayan shirin manyan madatsu uku ne, Fomi a Gini, Tawusa a Mali, Kandaji a Nijar.

Inda aka gwada aka gani

Haɗin kan da ya shafi baƙi kai tsaye a daji ya fara. Kudu da garin Sayi, kogin ya yi lanƙwasa mai siffar harafin W, kuma da wannan harafin Faransawa suka raɗa wa gandun da suka keɓe a 1954 suna. Da aka samu 'yanci, dajin mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 10,000 ya rabu uku tsakanin Nijar da Binin da Burkina Faso. Giwaye da ɓauna da zakuna ba su san da rabon ba. Mafarautan sata kuwa sun san shi sarai, su yi harbi a wannan ƙasa su ƙetare rafin Mekuru su huta a waccan.

A 1996 UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren tarihi na duniya. A 2002 ta amince da dajin baki ɗaya a matsayin gandu guda mai ƙetare iyakoki, irinsa na farko a Afirka. Tsakanin 2001 da 2008 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin shirin ECOPAS, aka gyara hanyoyin cikin daji, aka horar da ma'aikatan gandu da masu yi wa baƙi jagora, ƙasashen uku suka riƙa zama tare a kan sintiri da ƙidayar dabbobi. A waɗancan shekaru baƙo kan tashi daga Yamai da safe, ya yi tafiyar kilomita kamar 150 ya isa Tapowa kafin rana ta yi tsaka. Da la'asar ya zauna daga nesa yana kallon giwaye sun sauko shan ruwa, washegari ya shiga kwalekwale ya bi lanƙwasar kogin ta gaban garken dorina. Mai jirgi ɗan ƙauyen bakin ruwa ne, mai dafa abinci haka, kifin da aka gasa da dare ma a nan aka kama shi. A 2017 aka haɗa W da gandun Arli da na Panjari aka yi musu rajista ɗaya.

Takardar shiga ma an taɓa sauƙaƙa ta. Ƙungiyar Entente, wadda aka kafa a 1959, ta fito da biza ɗaya ta 'yan yawon buɗe ido a ƙarshen shekarun 1990. A lokacin, da jika 25 na sefa, baƙo na iya zagaya Nijar da Binin da Burkina Faso da Togo da Kwaddibuwa har wata biyu. Sai dai Mali ba ta cikin ƙungiyar, Nijeriya ma haka. Wanda ya bi ruwa daga Yamai ya iso Gaya, to ya zo ƙarshen bizarsa, alhali Yawuri da tafkin Kainji na gabansa kaɗan. A kudancin Afirka, Zambiya da Zimbabuwe sun warware irin wannan a kan kogin Zambezi a 2014, da biza ɗaya ta dala 50, baƙo ya kalli babbar magangarar ruwan da ke kogin daga kowane ɓangare ya ga dama.

A wancan zamani Mali ce ta fi kowa cin kasuwar kogin. Da ruwa ya cika, daga wajen Agusta zuwa ƙarshen shekara, manyan jiragen kamfanin COMANAV na tashi daga Kulikoro zuwa Gawo, tafiyar kilomita kamar 1,300 ta kwanaki, Turawa a ɗakunan sama, 'yan kasuwa da buhuna da tumaki a ƙasa. Ana yada zango a Mopti a leƙa masallacin ƙasa na Jenne, a tsaya a Kabara a shiga Tambutu. A 2005 aka fara bikin waƙa da al'adu na Segu a bakin ruwa. A Nijar kuwa kasuwar Lahadi ta Ayoru da raƙuman dawa na Kure su ke jan baƙi. Waɗannan raƙuma saura 49 kacal suka rage a 1996, amma da mutanen ƙauyukan suka ga kuɗin jagora da na shiga na dawowa gare su, suka tsare su har suka haura 600. A 2018 aka kwashi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi.

Ɓangaren Nijeriya

A Nijeriya, abin da ya fi jawo maƙwabta ba a ofis aka tsara shi ba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, bayan gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su don girmamawa. Daga nan bikin ya samo asali. Ranar babban su, Sarkin Ruwa ke fara shiga ya tabbatar ruwa ya yi lafiya. Dubban masunta na jere a nesa, kowa da gorarsa da homarsa. Da an harba bindiga sai ƙura ta tashi, su kwaso a guje su faɗa kogin Matan Fada, makaɗa na binsu a kwalekwale. Kafin awa guda ta cika an fara ciccibo giwan ruwa ana kai wa ma'auni. Cikin masunta da 'yan kokawa da 'yan kallo akwai mutanen Nijar, waɗanda zumunci ke kawo su, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kuma ta ba su damar shigowa har kwana 90 ba biza. UNESCO ta yi wa bikin rajista a 2016.

Ruwan Argungu kansa na tarayya ne. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya dawo ya faɗa Rima, mai gangarowa Argungu. Yana cikin ruwaye huɗu da ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar rabonsu a Maiduguri a Yuli 1990.

Madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ta tashi mutane kamar 44,000, ta haɗiye tsohuwar Busa tare da duwatsun da suka ci Mungo Park. A gefen tafkin aka haɗa dazuzzukan Borgu da Zugurma aka yi gandun ƙasa na farko a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1970, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 5,300, kuma ɓangaren Borgu bai da nisa da iyakar Binin. Gyaran hanyar ruwa ya zo daga baya. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, a Janairu 2019 kuma aka buɗe tashar jiragen Baro.

Birnin Gwari na da nata kason. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 a ƙarƙashin En'e, ya zama gandun ƙasa a 1999, faɗinsa kamar murabba'in kilomita 1,120, yana maƙwabtaka da Kuyambana ta Zamfara. An ƙirga tsuntsaye iri 177 a cikinsa, ga giwa da gwanki da gwaggon biri, ga magangarar Dogon Ruwa da Goron Dutse. Wanda ya sauka a filin jirgin Kaduna zai iya kwana a Kamuku, ya wuce Kainji, ya ɓulla Argungu, ya shiga W ta Gaya. Taswira ta yarda da wannan tafiya, amma kafin a ƙulla ta sai dajin ya sauya masu shi. Ɓarayin shanu suka fara, masu garkuwa da mutane suka biyo. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kuɗi don aikin soja na tarayya, duk da haka hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro, ƙauyukan Randagi da Kakangi suka sha hare-hare, manoma da yawa suka bar gonakinsu. Sai a Nuwamba 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta yi, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari da ta yi shekaru a rufe.

Da bindiga ta shiga daji

Abin da ya sami Kamuku shi ya bi kogin daga sama har ƙasa. A 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun masu tayar da ƙayar baya, aka rusa hubbaren waliyyan Tambutu, otal-otal na Mopti suka zama kango. A Mayu 2019 aka sace Faransawa biyu a Panjari aka kashe mai yi musu jagora. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a wurin raƙuman Kure. A Fabrairu 2022 nakiyoyi suka hallaka mutum tara a ɓangaren W na Binin. Ranar 7 ga Satumba 2023 aka kai hari kan jirgin fasinja mai suna Tambutu, gwamnatin Mali ta ce farar hula 49 suka rasu. Dalilin da ya sa daji ke burge baƙo, wato faɗi da nisa da ƙarancin mutane, shi ya sa ya dace da ɗan bindiga, iyakar da ke tsayar da soja kuwa ba ta tsayar da mai babur.

Siyasa ta ƙara nata. Nijar da Binin sun taɓa nuna dattako a 2005, lokacin da suka karɓi hukuncin kotun duniya da ya ba Nijar tsibirin Lete. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka toshe gadar Gaya da Malanbil, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, matafiya suka koma ƙetarawa da kwalekwale. Nijeriya ta buɗe iyakarta ta mayar da wutar a Maris 2024. Ranar 29 ga Janairu 2025 Mali da Nijar da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, ko da yake ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun tafiyar mutanensu.

Ba komai ne ya rushe ba. Bikin Segu bai mutu ba, Argungu ya dawo a Maris 2020 bayan shekara goma, Yawuri da Fategi na da tseren jiragensu. Masu cika waɗannan wurare yanzu 'yan ƙasa ne da maƙwabta, masu zuwa da motar haya su sauka gidan dangi. Hukumar kogin tana nan a Yamai da ƙasashenta tara, tana cikin 'yan teburan da Abuja da Kwatano ke zama tare da Yamai da Bamako da Wagadugu. Shirin da aka sa wa hannu a 2008 zai cika wa'adinsa a 2027, Kandaji ba a gama ba, kuma masu rubuta sabon shiri za su tarar da tsofaffin batutuwa biyu na jiransu: bizar da za ta kai baƙo daga Bamako har Lakwaja, da sintirin tarayya a dazuzzukan da suka tashi daga W suka bi ta Borgu.